Madubin Rana: Tarihin Duban Sararin Samaniya Daga Sakkwato Zuwa Mubi

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika a kirawo masa baƙonsa, Baturen Ingila Hugh Clapperton, ya ce ya zo da wani abin awo wanda mutanen fada suka laƙaba wa sunan da ke nufin "madubin rana". Kamar yadda Baturen ya bayyana a littafin tafiyar da aka buga a 1826, taswirar taurari ya fara shimfiɗa wa Sarki, sai ya tarar Sarkin ya san burujai 12 duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Abin da ya zama baƙo a fadar shi ne ƙarfen awon da gilasan da ke jikinsa, musamman ɗan bututun leƙawa wanda ke nuna mutum a kife, kai ƙasa ƙafafu sama. Fadawa suka ƙi yarda a leƙe su ta cikinsa, sai Baturen ne ya ja da baya ya tsaya, Sarki ya dube shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abin da ya gabaci wannan haɗuwa da abin da ya biyo bayanta. Za a nuna cewa duban sama a ƙasar Hausa ya bi matakai uku, wato na ido da na hisabi da na madubi, kuma harshen Hausa ya wadata matakai biyun farko da sunaye, amma shekara 200 bayan zaman Sakkwato bai gama raɗa wa kayan mataki na uku suna ba.

2.0 Matakin Ido

Tun kafin zuwan takarda da tawada Bahaushe ke ɗaga kai yana duban sama, domin noma da tafiyar dare sun tilasta masa. Shaidar wannan tana cikin sunayen da ya raɗa da kansa daga abubuwan da ke tsakar gidansa. Cincirindon taurarin nan da Larabawa ke kira Suraiya, shi Kaza da 'Ya'yanta ya kira shi. Tauraron da ke fitowa da asuba yana sanar da matafiyi ƙaratowar gari ya kira shi Gamzaki, wadda kuwa ke bayyana da almuru kusa da jinjirin wata ya yi mata kirari da Zara matar wata. Idan duhu ya rufe wata a daren da ya cika, sai a ce ya yi zazzaɓi, ko a ce rana ta kama shi, yara su fito da kiɗan ƙwarya da gwangwani suna roƙon a sake shi. Tauraruwa mai wutsiya kuwa har karin magana ta shiga, inda ake cewa ganinta ba alheri ba.

Sai dai ido yana da iyakarsa. Ƙofar da haske ke shiga ta tsakiyar baƙin ido ba ta wuce faɗin milimita 7 ko a cikin duhu, saboda haka ɗan hasken da ya samu shiga ta nan shi kaɗai mutum ke gani. Wannan ne ya sa mai kaifin ido ke ƙirga 'ya'yan Kaza 6 ko 7 kawai, alhali taurarin da ke cikin cincirindon sun haura 1,000. Haka kuma sunaye biyun nan, Gamzaki da Zara, a mafi yawan lokaci abu guda suke nunawa, wato Zahra, wadda ke fitowa da asuba a wasu watanni, ta koma fitowa da almuru a wasu.

3.0 Matakin Hisabi

Zuwan Musulunci ya kawo wa malaman ƙasar Hausa tsarin Larabawa na lissafin sama. A cikin wannan tsari akwai taurari masu tafiya guda 7, wato Wata da Uɗaridu da Zahra da Rana da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, akwai burujai 12, akwai kuma masaukan wata 28 waɗanda ake kira manazil. Amfanin manazil ga manomi a fili yake. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, don haka watan da ya faɗo cikin damina a bana zai koma cikin rani bayan wasu shekaru, ba zai yiwu a dogara da shi wajen shuka ba. Manazil kuwa da rana suke tafiya. Kowane tauraro ana ba shi kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, idan aka tara sai a sami 365. Ta haka sunaye irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha suka fita daga zauren malam suka shiga bakin manoma a matsayin taurarin damina. Mervyn Hiskett ya nazarci yadda wannan tsari ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa a wata maƙala da ya buga a 1967.

Fitaccen sunan da ƙasar Hausa ta fitar a wannan fage shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillatanin Katsina, wanda Larabawa suka sani da al-Kashinawi. Ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Bahjatul Afaƙ a kan lissafin hatimi, da Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, masanin ilmin falaki, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Daga tushen aikatau "duba" aka ƙera kalmar "madubi", bisa tsarin da ya samar da mabuɗi da magirbi da masassabi. Amma wannan tushe shi ne kuma ya ba da "duba" mai ma'anar binciken gaibu, har ake cewa malamin duba. Ke nan a Hausa kalma ɗaya ta ɗauki mai ƙirga taurari domin sanin lokaci da mai tambayar su sa'ar aure ko ta fatauci. Malaman jihadi sun damu da rarrabe waɗannan biyu. Shi kansa Muhammadu Bello, wanda ya san taurari da sunayensu, yana da littafin da ya yi gargaɗi a cikinsa a kan nisantar masu rufa-ido da masu duba da taurari.

4.0 Haske da Madubi a Wasu Ƙasashe

Domin a fahimci abin da aka kawo fadar Sakkwato, ya kamata a waiwayi asalinsa. Wasu malaman Yunanawa, ciki har da Iƙilidisu, sun ɗauka cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rayu a Alƙahira ya kuma rasu wajejen 1040, shi ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske daga abin kallo yake tasowa ya shiga ido. Ya kuma yi bayanin hanyoyi biyu da haske ke sauya alƙibla. Idan ya faɗa kan madubi sai ya dawo, bisa kusurwa daidai da wadda ya faɗa da ita. Idan kuwa ya ratsa ruwa ko gilashi sai ya karkata, shi ya sa muciyar da aka tsoma a ruwa ke bayyana kamar ta karye.

A kan waɗannan hanyoyi biyu aka gina kowane abin hangen sama. A 1608 wani mai ƙera tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar bututu mai gilashi biyu da ke jawo nesa kusa. Galileo na ƙasar Italiya ya ƙera nasa a 1609 ya ɗaga shi sama. Ya ga duwatsu da ramuka a fuskar wata, ya ga watanni 4 suna kewaya Mushtari, ya kuma ga Zahra tana cika tana raguwa kamar wata, wanda ya nuna cewa hasken rana take mayarwa, kuma rana take kewayawa. A 1611 Johannes Kepler ya bayyana wani tsari mai gilasai biyu masu tudu a tsakiya, wanda ke ba da fili mai faɗi amma yana kifar da hoto. A 1668 Isaac Newton na Ingila ya maye gurbin babban gilashin da madubi mai kwarmi kamar tasa, wanda ke tattara haske wuri guda. Sirrin duka ɗaya ne, wato faɗaɗa ƙofar da haske ke shiga. Gilashi mai faɗin milimita 70 ya ninka ƙofar ido sau 10 a faɗi, amma hasken da yake tarawa ya ninka na ido sau 100.

Sakamakon haka lissafin taurari masu tafiya guda 7 ya rushe. William Herschel ya gano Yuranus da madubinsa a 1781, aka kuma gano Naftun a 1846 a wurin da lissafi ya riga ya nuna.

5.0 Abin da Sarki Ya Gani

Madubin rana shi ne abin da matuƙan jiragen ruwa na Turai ke kira sekstan, wanda ya samo asali daga ƙirar da John Hadley ya gabatar a Landan a 1731, daidai zamanin da al-Kashinawi ke rubuce-rubucensa a ƙasashen gabas. Madubai biyu gare shi, ɗaya a kafe, ɗaya a kan hannu mai motsi wanda ke bin wani baka mai rubutun digiri. Mai awo yakan leƙa ta bututu ya yi ta motsa hannun har hoton rana ya sauko ya taɓa ufuƙi, wato inda ido ke ganin kamar sama ta haɗu da ƙasa, sannan ya karanta tsayin rana a jikin bakan. Akwai baƙaƙen gilasai da ake karewa da su don kada rana ta ƙona ido. Da yake a tudu babu shimfiɗaɗɗen ufuƙi irin na teku, Clapperton yana tafe da ɗan akwatin da ake kira ufuƙin roƙo, wanda galibi zaiba ake zubawa a cikinsa ta kwanta ta zama madubi, a auna tazarar da ke tsakanin rana da hotonta, a raba biyu. Daga tsayin rana a tsakar rana ake gane nisan gari daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Kifewar hoton da ta ba fadawa tsoro kuwa tsarin Kepler ne ya jawo ta.

Sunan da fadar ta raɗa ya dace ƙwarai, domin ya kama ainihin aikin abin, wato madubi ne da ake kamo rana da shi. Madubi kansa ba baƙo ba ne a ƙasar, don kuwa fatake na ketaro Sahara da shi. Heinrich Barth ya lissafa ƙananan madubai 'yan Nuremberg ta Jamus cikin hajojin kasuwar Kano a 1851. Bugu da ƙari, da Clapperton ya komo Sakkwato a 1826 ya kawo wa Sarki littattafan Larabci, ciki har da na Iƙilidisu a kan lissafin siffofi, sai Sarkin ya shaida masa cewa dā suna da kwafinsa a gidansu, gobara ce ta cinye shi. Wannan ya nuna cewa lissafin da aka gina abin awon a kansa ya riga abin awon isowa Sakkwato.

6.0 Madubi da Taswira: Daga Kukawa Zuwa Mubi

Ya kamata a lura cewa Turawan ƙarni na 19 ba don sha'awar taurari suka yi ta ɗauko waɗannan kaya ba. Sama suke dubawa domin su auna ƙasa. Barth ya bi ta Uba da Mubi a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, yana rubuta alƙiblar tafiya da tsawon lokacinta, har Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. A 1854 Eduard Vogel, wanda masanin taurari ne da ya yi aiki a wani gidan duban sama a Landan, ya iso Kukawa, ya riƙa tabbatar da matsayin garuruwa ta hanyar awon rana da taurari, ya kai har ƙasar Mandara da Bauchi da Zariya, kafin a kashe shi a Wadai a 1856.

Taswirorin da irin wannan aiki ya haifar su aka baje a teburorin Turai lokacin rabon ƙasashe. Tsakanin 1903 da 1904 wata tawagar haɗin gwiwa ta Ingila da Jamus ta auna iyaka daga Yola zuwa Tafkin Chadi, awon taurari na cikin abin da ta dogara da shi. Mubi da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Digil, suka faɗa ɓangaren Jamus, aka raba su da Yola. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suka koma riƙon Ingila, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya zaɓi shiga Nijeriya. Ashe ke nan madubin da aka nuna wa Sarki a matsayin abin mamaki yana cikin kayan da aka yanka daularsa da su.

7.0 Madubi da Jinjirin Wata

Babu inda ido da hisabi da madubi ke haɗuwa a yau kamar wajen tsayuwar wata. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma jinjiri shi ne ɗan gefen da rana ta haska wanda ke fuskantar duniya. Masanin taurari na Faransa André Danjon ya nuna a shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya iya ganin jinjirin. Mafi ƙuruciyar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido yana da kimanin awa 15 da rabi da haihuwa, wanda aka gani da taimakon gilashi kuwa bai cika awa 12 ba.

Faɗin ƙasa ma yana da tasiri. Mubi tana wajejen digiri 13 ne a gabas, Sakkwato kuwa wajejen digiri 5, kuma kowane digiri minti 4 ne a tafiyar rana. Don haka rana kan faɗi a Digil kimanin rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, kuma a cikin wannan rabin awa wata ya ƙara nisa da rana. Idan aka haɗa da hazon hunturu da gizagizan damina, sai a ga dalilin da ya sa mutumin Digil zai duba yamma bai ga komai ba, can cikin dare ya ji sanarwar Sarkin Musulmi cewa wata ya tsaya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan dare ji ne yake cike gurbin gani. Kwamitin duban wata na ƙasa, wanda ke ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, yana haɗa shaidar masu gani da lissafin masana, ana kuma amfani da gilasan hange wajen duba.

Husufin rana na Laraba 29 ga Maris 2006 ya nuna ƙarfin wannan lissafi a bainar jama'a. An sanar da ranar da sa'ar tun da wuri, kuma rana ta rufe ruf fiye da minti 3 a Gusau da Katsina, a Mubi kuwa wani sashenta ne ya rufe.

A duniya baki ɗaya madubai sai ƙara girma suke yi. Na Hubble da aka harba sama a 1990 faɗinsa mita 2.4 ne. Na Sutherland a Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2005, an haɗa shi ne da ƙananan madubai 91. Na James Webb da aka harba a 25 ga Disamba 2021 faɗinsa mita 6.5 ne, ɓangarori 18 masu rufin zinariya, yana kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, yana kamo hasken da ido ba ya gani sam. Da yake haske na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, duban nesa duban jiya ne. Hasken rana kan yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi a hanya. Hasken Kaza da 'Ya'yanta da ke sauka a kan tsaunukan Mandara a daren yau kuwa ya baro gida kimanin shekara 440 da suka wuce, zamanin Mai Idris Aloma na Barno, tun Lipperhey bai ƙera bututunsa ba.

8.0 Matsalar Suna

Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, amma da Ingilishi ake gudanar da wannan ilmi. A Hausa kuwa har yanzu abu guda ana kiransa madubin hangen nesa, ko tabaran hangen nesa, ko na'urar hangen nesa, kuma sunayen nan uku ana ba da su ga ɗan abin da mafarauci ko soja ke ratayawa a wuya kamar yadda ake ba da su ga wanda faɗinsa ya fi ɗaki. Ɗalibin da ke karatu da Hausa ba zai gane daga sunan ko haske ratsa abin yake yi ko dawowa yake yi daga kansa ba, alhali wannan bambanci shi ne ginshiƙin fannin tun daga Ibnul Haisam.

Harshen yana da kayan warware wannan. Hausa ta rarrabe gani da kallo da duba da leƙe da hange, kuma "hange" shi kaɗai ya ƙunshi ma'anar nisa, ba ya bukatar a ƙara masa "nesa". Ta kuma rarrabe tabarau, wanda ake gani ta cikinsa, da madubi, wanda ke mayar da hoto. Bisa wannan ana iya keɓe "tabaran hange" ga irin na Galileo da Kepler, a keɓe "madubin hange" ga irin na Newton da Hubble da Webb, a bar wa sekstan tsohon sunansa na madubin rana. Masana Hausa sun yi irin wannan aiki ga kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin keɓaɓɓun kalmomin da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, kuma ilmin falaki ya cancanci irinsa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Bahaushe ya fara da ido ya raɗa wa taurari sunayen gida, yadda malamai suka ƙara masa hisabin burujai da manazil, da kuma yadda madubi ya iso Sakkwato a 1824 ya tarar da Sarki mai sanin sama. An kuma ga cewa wannan madubi ya yi aiki wajen shata iyakar da ta raba Mubi da Yola, kuma yana aiki a yau wajen duban jinjirin wata. Abin da ya rage aiki biyu ne. Na farko shi ne tattara sunayen taurari da lissafin manazil daga bakin tsofaffin manoma da malaman zaure, a Hausa da Fulfulde da sauran harsunan yankin Mubi irin su Guɗe da Fali, domin kalanda da agogo da hasken lantarki sun rage masu ɗaga kai sama. Na biyu shi ne daidaita kalmomin haske da madubi domin makarantu da gidajen rediyo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma al'ummar da ke jin labarin abin da madubai suka hango a harshen wasu ba ta shiga birnin wannan ilmi ba tukuna.